Guguwar Moore ta 2013 da gidajen da ba su da inda za a sauka

Da ƙarfe 2:40 na rana, ranar Litinin, 20 ga Mayun 2013, ofishin hasashen yanayi da ke Norman a jihar Oklahoma ta Amurka ya fitar da gargaɗin cewa guguwa na tafe. Bayan minti 16 ta sauka ƙasa kusa da garin Newcastle, ta nausa ta nufi Moore, gari mai mutum wajen 55,000 da ke kudu da Oklahoma City. Faɗinta ya haura mil guda, gudun iskarta kuma ya kai mil 200 a awa, wato sama da kilomita 320. Kafin ta lafa ta kashe mutum 24, goma daga cikinsu yara, ta rushe gidaje fiye da 1,000.

Mutanen garin sun ji gargaɗi. Jiniya ta yi ta kuka, gidajen talabijin suna nuna guguwar kai tsaye, kuma da yawa sun samu kusan rabin awa kafin ta iso unguwarsu. Abin da mafi yawansu suka rasa shi ne wurin shiga. Shawarar da ake ba kowa a Amurka idan irin wannan guguwa ta taso ita ce ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, amma gidajen Moore kusan dukansu a kan daɓen kankare suke zaune, babu komai a ƙarƙashinsu sai jar ƙasa. Wasu suka shige banɗaki suka kwanta cikin bahon wanka suka ja katifa suka rufa. Wasu suka cusa 'ya'yansu cikin kabad ɗin kaya na tsakiyar gida. A makarantar firamare ta Plaza Towers malamai suka jera yara a baranda ta ciki, kowa ya durƙusa ya rufe kansa da hannu kamar yadda aka koya musu, bango ya faɗo, yara bakwai suka rasu.

Duk wanda ya ga hotunan da aka ɗauka daga sama washegari ba zai manta da su ba. Layi bayan layi na daɓen siminti, fari fat, kamar an share da tsintsiya. Kana iya gane inda kicin yake da bututun da ya leƙo, kana ganin tayil ɗin banɗaki, ga notinan da suka riƙe katakon bango sun tsaya tsirara a gefe. Daɓen bai motsa ba, gidan ne ya tafi. Tambayar da aka yi ta yi a lokacin, musamman daga mutanen jihohin Amurka na arewa, ita ce: ta yaya mutanen da guguwa ta sha ziyarta, a 1999 da 2003, za su ci gaba da gina gida ba ɗakin ƙasa, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa? A cikin tambayar akwai zargin sakaci. A ganina zargin bai faɗa inda ya kamata ba, kuma ba za a gane haka ba sai an koma ga abin da ke sa magini ya haƙa ƙasa tun farko.

Sanyi ne ke yanke zurfin fandisho

Magini ba ya haƙa don sha'awa. Yana haƙa ne har ya kai ƙasar da za ta ɗauki nauyin gini ba tare da ta motsa ba, daga nan ya tsaya, domin kowane taku da ya ƙara kuɗi ne. A ƙasashe masu tsananin hunturu, abin da ya fi motsa ƙasa shi ne daskarewa. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ƙasa mai laushin ƙwaya, ƙanƙarar da ta fara haɗuwa tana tsotso ruwa daga ƙasan da bai daskare ba, ta yi ta kauri kamar faifai, wani a kan wani, tana ɗaga duk abin da ke bisanta. Wani masanin duwatsu, Stephen Taber, ya tabbatar da haka wajen 1930 ta hanya mai kyau: ya jiƙa ƙasa da wani sinadari mai suna benzene, wanda ke tsukewa idan ya daskare maimakon ya kumbura, amma duk da haka ƙasar ta tashi. Fandishon da aka ɗora a sama da iyakar daskarewa zai tashi da hunturu ya sauka da bazara, kuma ba daidai zai tashi a ko'ina ba. Shekara kaɗan bango ya tsage.

Shi ya sa dokar gini ta kowane yanki take faɗin zurfin da sanyi ke kaiwa, ta ce gindin fandisho ya wuce nan. A kudancin jihar Minnesota inci 42 ne, mita guda da ɗoriya. A arewacinta inci 60, mita ɗaya da rabi. To, ka sa kanka a matsayin mai gini a can. Dole ka kawo motar haƙa, dole ka zagaye gidan da rami mai zurfin ƙirjin mutum, dole ka zuba bangon kankare daga gindin ramin har ya leƙo sama da ƙasa. Bututun ruwa ma sai ya bi ta wannan zurfin, in ba haka ba ya fashe a watan Janairu. Abin da ya rage tsakaninka da cikakken ɗaki shi ne ka ƙara 'yan ƙafafu ka kwashe ƙasar tsakiya. Faɗuwa ta zo daidai da zama: da ƙarin kuɗi kaɗan ka samu hawa guda cur, inda a da ake ajiye tukunyar ɗumama gida da gawayinta da dankalin hunturu.

A tsakiyar Oklahoma lissafin ya juye. Inci 18, ƙasa da rabin mita, ya wadatar. Ga yadda ake zuba fandishon gida irin na Moore. A kankare ciyawa da ƙasar sama, a zuba ciko a danne shi, a yanka ɗan rami a kewaye wanda bai wuce gwiwa ba. Mai famfo ya shimfiɗa bututansa, a rufe da leda mai kauri don hana danshi, a jera rodi ko wayoyin ƙarfe da za a ɗaure su tamau bayan kankare ya kama. Da sassafe motocin kankare su iso, kafin la'asar an shafe daɓe mai kaurin inci huɗu, gefensa ya fi kauri don ɗaukar bango. Fandisho da daɓen ɗaki sun zama abu guda a yini ɗaya. Wanda ya ce yana son ɗakin ƙasa a nan ba ƙarin 'yan ƙafafu yake nema ba. Rami mai zurfin ƙafa takwas yake nema, da bango huɗu da babu wata doka ko larurar gini da ta tilasta su, wato gini na biyu a ƙarƙashin na farko.

Wannan salon daɓe ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake neman gidaje da yawa cikin sauri da araha. Hatta gidajen Levittown da aka fara a 1947 a jihar New York, inda ake sanyi sosai, a kan daɓe aka gina su don rage kuɗi. A kudu da kudu maso yamma kuwa salon ya samu wurin zama. A yankin da ya haɗa Oklahoma da Texas da Louisiana da Arkansas, sama da kashi 90 cikin ɗari na sababbin gidaje a kan daɓe ake ɗora su. Moore kuma gari ne da ya yi girmansa daga shekarun 1960 zuwa sama, daidai zamanin daɓe.

Jar ƙasa da ruwa

Idan ka tambayi magina a can, ba sanyi za su fara ambata ba. Za su nuna maka ƙasa. Ƙasar yankin ja ce, daga wani tsohon dutsen laka da ya rududduge, kuma tana da irin yumɓun da ke shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Ƙwayoyin wannan yumɓu falle-falle suke kamar takardu, ruwa yana shiga tsakaninsu ya ture su. Oklahoma kuma wuri ne da fari da ruwan sama ke karɓa-karɓa da ƙarfi. A watan Yulin 2011 an yi zafin da ba a taɓa rubuta irinsa ga wata jiha ba a lokacin, ƙasa ta dare har mutum ya iya zura hannu. Idan ruwa ya dawo, ramukan nan su cika, yumɓun ya kumbura ya rufe. Daɓe yana shawagi a kan wannan motsi kamar tire, musamman in an ɗaure shi da wayoyi. Bangon ɗakin ƙasa kuwa ba shi da inda zai kauce, turin daga gefe yake zuwa masa, shekara bayan shekara, har ya yi ciki ko ya tsage a kwance.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuma ƙadangaren ruwa ne. Mutane ba sa ɗaukar nauyin ruwa da muhimmanci sai sun yi lissafi. Idan ƙasar da ke jikin bango ta jiƙe har tsayin mita biyu, ruwan kaɗai yana tura kowace mita ta tsawon bangon da ƙarfin tan biyu. Daga ƙasa ma haka. Ɗaki mai mita goma a kan goma, idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau mita guda sama da daɓensa, ƙarfin da ke neman ɗaga shi ya kai tan 100. Ɗakin ƙasa a jiƙaƙƙiyar ƙasa jirgin ruwa ne da aka binne. Sannan ramin da aka haƙa a yumɓu aka mayar da ciko a gefensa yakan zama kamar kwano, ruwan rufi da na tsakar gida ya taru a cikon mai sako-sako, yumɓun da ke kewaye ya hana shi wucewa. Sai an shafe bango da abin hana ruwa, an kewaye gindinsa da bututu mai huji da tsakuwa, an sa injin zuƙe ruwa a wani ɗan rami. Injin nan da lantarki yake aiki, lantarki kuma lokacin hadari yake ɗaukewa.

A wurare masu zafi da laima akwai ƙarin matsala ko ba ɗigon ruwa ya shiga. Iska mai ɗumi da danshi idan ta taɓa bango mai sanyi sai ta yi gumi, fumfuna ta biyo baya. A kudancin Florida ruwa yana kusa da sama ƙwarai, ga dutsen farar ƙasa mai huji kamar soso. A New Orleans, inda unguwanni da dama suke ƙasa da tekun kanta, abin da suke kira ɗakin ƙasa a bisa ƙasa yake, gidan ne aka ɗaga a kansa.

Duk wannan gaskiya ne, amma ban yarda shi ne dukan labarin ba. Birnin Denver na jihar Colorado yana zaune a kan yumɓu mai kumbura wanda ya yi suna wajen fasa gidaje, kuma ɗakunan ƙasa sun cika garin. Can suna huda ƙasa su zuba ginshiƙai har su kai ƙasa mai ƙarfi, su bar sarari a ƙarƙashin bango don yumɓu ya samu wurin numfashi. Sun koyi haka ne domin sanyi ya riga ya tilasta musu haƙa, masu saye kuma sun saba. A Oklahoma ma ana iya ginawa, akwai masu ginawa, kuma kayan hana ruwa na yau sun fi na shekarun 1950 nesa ba kusa ba. Abin da ya faru shi ne tsofaffin ɗakunan ƙasa sun yi yoyo, labarinsu ya bazu, masu saye suka riƙa gudun gida mai ɗakin ƙasa, magina suka daina koyon aikin, wanda ya rage ya iya kuma ya yi tsada. Ƙasa ta ba da uzuri, kasuwa ta riƙe shi.

Abin da aka yar tare da ramin

Inda lamarin ya fi damuna shi ne nan. Manoman Oklahoma na farko ba su da ɗakin ƙasa a ƙarƙashin gida, amma suna da rami a tsakar gida, ɗan ɗaki da aka haƙa aka rufe da tudun ƙasa, mai ƙofa a kwance. A ciki suke ajiye abincin gwangwani, a ciki suke fakewa idan sama ta yi baƙi. Da unguwannin daɓe suka zo, filaye suka ƙanƙance, firji ya ɗauke aikin ajiya, sai ramin ya ɓace. Aikinsa na biyu, na ceton rai, babu wanda ya gaje shi. A arewa mutum yana samun mafaka kyauta tare da fandisho, ko ya yi tunaninta ko bai yi ba. A Moore sai ya tuna da kansa, ya ciro kuɗi daga aljihunsa, ya saya daban. Mai haya ba shi da wannan zaɓi. Yaro a aji ba shi da shi.

Kuma ba ilimi aka rasa ba. Bayan guguwar da ta kashe mutum 26 a Lubbock ta Texas a 1970, injiniyoyin jami'ar Texas Tech suka lura cewa a gidajen da suka rushe, ɗan ƙaramin ɗakin tsakiya yakan tsaya. Ernst Kiesling da abokan aikinsa suka ɗauki wannan suka gina tunanin ɗaki mai ƙarfi a cikin gida, a bisa ƙasa, tun 1974. Gwajinsu ya zama ma'auni: a harba katako mai nauyin fam 15, kusan kilo bakwai, da gudun mil 100 a awa, bango da ƙofa su hana shi shiga. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta wallafa zanen irin waɗannan ɗakuna a 1998, an tsara su su jure iskar mil 250 a awa. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga gidan daɓe. Daɓen nan da guguwa ta share ta bari, shi ne daidai abin da ake buƙata a ɗaure ɗakin a jikinsa. Masu binciken jami'ar da suka zagaya Moore bayan guguwar sun tarar da ɗakunan bisa ƙasa da aka gina bisa ƙa'ida suna tsaye a tsakiyar ɓaraguzai.

Ya kamata a faɗi kuma cewa ɗakin ƙasa na gida ba a gina shi don guguwa ba. Rufinsa katakon daɓen hawa na sama ne. Iska mai ƙarfi tana iya yaye shi ta zuba bulo da mota a ciki, kamar yadda ya faru a Parkersburg ta jihar Iowa a 2008, inda wasu suka rasu duk da sun sauka ƙasa. Ya fi baho da katifa nesa, amma bai kai ɗakin da aka zana don aikin ba. Ramin ƙasa a Oklahoma kuma yana da nasa haɗarin, domin hadarin da ke kawo guguwa shi ke kawo ambaliya. A watan Mayun 2015 wata mata ta nutse a cikin mafakarta ta ƙasa a Oklahoma City da ruwa ya cika ta. An gudu ba a tsira ba. Tsofaffi da masu keken guragu ma ba za su iya sauka tsani mai tsayi cikin minti biyu ba.

Bayan guguwar 3 ga Mayun 1999, wadda na'urar rada ta auna iskarta sama da mil 300 a awa kuma ta kashe mutum 36, an ba da tallafi aka gina dubban mafaka a jihar. Daga baya shirin SoonerSafe ya riƙa mayar wa mai gida kashi 75 cikin ɗari na kuɗin, iyakarsa dala 2,000, amma da ƙuri'a ake zaɓen wanda zai samu domin masu nema sun fi kuɗin yawa. Babu shakka waɗannan mafaka sun rage adadin gawa a 2013. Sai dai tsari ne da ya bar abin ga mai hali da mai sa'a. Makarantun Plaza Towers da Briarwood, da guguwar ta bi ta kansu, babu ɗaya mai ɗakin mafaka, shekara 14 bayan 1999. Wannan ba yumɓu ne ya jawo shi ba, ba kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba.

Abin da garin ya yi

Kwana biyu bayan guguwar 2013, magajin garin, Glenn Lewis, ya ce zai nemi a wajabta mafaka a kowane sabon gida. Dokar da ta fito daga ƙarshe ba ta kai nan ba, ta bi wata hanya. A watan Maris na 2014 majalisar garin ta amince da sabuwar ƙa'idar gini bisa shawarar injiniyoyi Chris Ramseyer da Lisa Holliday, ta fara aiki a watan Afrilu. Moore ta zama gari na farko a Amurka da ya rubuta ƙa'idar gidajen zama da guguwa a zuciya. A da ana zana gida ya jure iskar mil 90 a awa, yanzu 135. Rufi sai an ɗaure shi da bango da maɗaurin ƙarfe, bango sai an lulluɓe shi da falanki gaba ɗaya an ƙara yawan ƙusa, a ɗaure shi da fandisho sosai, ƙofar gareji kuma ta zama mai jure iska, domin ita ce ke fara ɓallewa iska ta shiga ta ɗaga rufi daga ciki. Hujjarsu ita ce mafi yawan guguwa ba sa wuce wannan ƙarfi, kuma ko a babbar guguwa, gidajen da ke gefen hanyarta iskar da ba ta kai ta tsakiya ba ce ke rushe su. An ƙiyasta ƙarin kuɗin a kan kusan dala guda a kowace ƙafa murabba'i.

Ina ganin ƙa'idar ta yi daidai, kuma ina ganin ba ta isa ba. Tana ceton gida daga matsakaiciyar guguwa, ba ta ceton wanda ke tsakiyar irin ta 2013. A ɓangaren makarantu an fi yin abin a zo a gani: sabuwar Plaza Towers ta buɗe a watan Agustan 2014 da ɗakin mafaka a cikinta, a 2015 kuma masu zaɓe suka amince a ci bashi don a sa mafaka a sauran makarantun gundumar.

Gidajen da aka sake ginawa a kan hanyar guguwar kusan duka a kan daɓe aka mayar da su, kamar na da. Bambancin yana cikin gareji. A gidaje da yawa an yanka daɓen an binne akwatin ƙarfe mai ɗaukar mutum shida ko takwas, murfinsa daidai da ƙasa, mota tana fakawa a kansa. Wasu kuma kabad ɗin ɗakin barci suka zuba da kankare da rodi suka sa masa ƙofar ƙarfe. Garin yana da rajista inda mai gida ke rubuta adireshinsa da daidai wurin da mafakarsa take, gareji ko bayan gida, domin idan ɓaraguzai suka danne murfin, 'yan kwana-kwana su san inda za su fara tono.